FILIN MATA: Sayen Tikitin Jirgin Sama Ga 'Yar Makaranta

Zancenmu na wannan mako a kan tikitin jirgin sama ne, watau yadda yarinyar da za ta fita karatu wata ƙasa za ta sami mai araha, wanda kuma zai kai ta inda za ta ba tare da an cuce ta ba.

Na san wata za ta ce, "Ina ruwan uwargida da tikitin jirgi, ita da ke fama da murhu?" Da ruwanta ƙwarai kuwa. A zamanin nan 'ya'yanmu mata suna fita neman ilmi Masar, da Indiya, da Maleshiya, da Turkiyya, da Yuganda, da Ingila. Wasu na koyon aikin likita, wasu jinya, wasu haɗa magani, wasu Larabci. A 2023 ma Gwamnatin Jihar Kano ta yi shelar ɗaukar nauyin ɗalibai 1,001 su je ƙaro ilmi ƙasashen waje. Wadda gwamnati ta ɗauka an hutar da ita, hukuma ke saya mata tikiti. Amma wadda gida ke biya wa fa? Da wadda ta shekara biyu ba ta ga uwarta ba, tana so ta zo hutu? Kowa ya san inda kuɗin nan kan fito. Kwasar adashin uwa ce, da 'yan awakinta, wani lokaci har da sarƙar zinariyar da ta ke ajiya tun ta aurenta. Kuɗin da aka tara da irin wannan wahala bai kamata a miƙa shi a makance ba. In abin ya ɓaci, har gurbin karatun ya kan tafi tare da kuɗin, gama makarantu suna da ranar rufe rajista, ba su jiran kowa.

DON ME KUƊIN TIKITI BA YA TSAYAWA WURI GUDA?

A tashar mota kowa ya san kuɗin Kano zuwa Zariya. Abin da ta kusa da ke ta biya shi za ki biya. Jirgin sama ba haka ya ke ba. Ya fi kama da kasuwar tumatir, ta safe dabam, ta yamma dabam. Kamfani ya kan raba kujerun jirgi guda kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa da kuɗinsa, alhali kuwa kujerun iri ɗaya ne, abinci iri ɗaya, sauka lokaci guda. Kashi mai araha kujerunsa kaɗan ne. In suka ƙare sai a buɗe na sama da shi, haka haka har a kai ga mai tsada. Shi ya sa za ki ga mata biyu zaune kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ta biya ninkin abin da ɗayar ta biya. Da sanyin safiya a kan kama fara.

Amma fa arahar tana da sharaɗi. Galibi tikitin da ya fi araha shi ne wanda in an sake masa rana a ke cin tara, in kuwa an fasa tafiya ba a mayar da kome sai ɗan kuɗin haraji. Saboda haka kada a ba da ko kwabo sai an yi tambaya uku. In na sake rana, nawa zan biya? In na fasa, nawa za a mayar mini? Jaka nawa aka ba ni, kowacce kilo nawa?

Ku sani kuma, ba dukan kuɗin ne ke shiga aljihun kamfani ba. A cikin tikitin wanda ya tashi daga Nijeriya akwai kashi 5 cikin ɗari na hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama, akwai kuma kuɗin hidimar filin jirgi, wanda aka mai da dala 100 a 2020 ga masu fita ƙasashe masu nisa. Irin waɗannan ba ciniki a cikinsu. Sa'an nan asalin kuɗin tikiti da dala a ke yanke shi, a juya shi zuwa naira ranar da za a biya. In naira ta faɗi tsakanin Litinin da Alhamis, tikiti ya tashi ke nan, ko da kamfani bai ƙara kome ba.

Mun ga wannan da idonmu. A 2023 kuɗin kamfanonin jiragen waje da ya maƙale a Nijeriya, don rashin dalar da za su fitar da shi, ya wuce dala miliyan 800. Sai kamfanonin suka rufe kujeru masu araha, suka bar masu tsada kurum. Emirates ma ya daina zuwa ɗungum a ƙarshen 2022, bai dawo ba sai Oktoba 2024. Da aka biya yawancin bashin, kuma Air Peace ya fara tashi daga Ikko, watau Legas, zuwa Landan ran 30 ga Maris 2024, sai ga kuɗin tikitin Landan ya sauko. Abin koyi a nan shi ne, inda masu sayarwa suka yi yawa, mai saye ya sami bakin magana. Kada a tsaya a kan kamfani guda.

YAUSHE YA KAMATA A SAYA?

Akwai lokatan da tikiti kan yi tsada kowace shekara. Na farko Agusta da Satumba, sa'ad da ɗalibai ke komawa makaranta. Na biyu tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu. Na uku, ga hanyar Jidda da Madina, watan Azumi, balle goman ƙarshe, da kuma lokacin aikin Hajji. Wadda za ta zo hutu, in da hali ta kauce wa waɗannan. Wadda kuwa tilas ta tafi a Satumba, to, ta fara sa ido tun Yuni.

Sa ido ba wuya. Yarinyar da ke da waya ta buɗe Google Flights ko Skyscanner, ta rubuta inda za ta tashi da inda za ta sauka. Za su nuna mata kuɗin kamfanoni da yawa jere, har da kalandar wata guda, kowace rana da kuɗinta. Sau da yawa za ta tarar tashin Talata ko Laraba ya fi na Juma'a da Lahadi sauƙi, matsar da tafiya da kwana biyu kurum ya kan rage kuɗi mai kauri. Akwai kuma wurin da za ta danna, su riƙa aiko mata da saƙo duk sa'ad da kuɗin ya hau ko ya sauka. Bayan mako biyu tana dubawa za ta san tsakanin tsada da araha, ba mai ruɗinta. Su waɗannan shafuffuka na dubawa ne. In an ga wanda ya yi, a koma shafin kamfanin jirgin kansa, ko ofishinsa, a gwada kuɗin a can.

To, ga wani tarko. Takardar shiga makaranta ta zo, murna ta cika gida, sai a ruga a sayi tikiti tun biza ba ta fito ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Biza ta kan yi jinkiri, a kan kuma hana. Dabara ita ce a nemi biza da wuri. Ingila, alal misali, ta yarda ɗalibi ya nema tun saura wata 6 a fara karatu, ta kuma yarda mai dogon karatu ya shiga ƙasar tun saura wata guda. Wadda ta nema da wuri za ta sami sararin zaɓen rana mai araha. In kuwa lokaci ya ƙure, dole sai an saya kafin biza, to, a ƙara kuɗi a sayi wanda a ke iya sake wa rana. Wannan ƙarin ba asara ba ne.

Sai batun tafiya kaɗai ko tafiya da dawowa. Tikiti ba ya wuce shekara guda. Wadda ta san ba za ta dawo cikin shekarar ba, na tafiya kaɗai ya ishe ta, muddin makarantar da ofishin jakadancin ƙasar ba su ce sai da na dawowa ba. Wadda za ta zo dogon hutu kuwa ta gwada duka biyun, gama sau da yawa na tafiya kaɗai ya kan fi rabin kuɗin na tafiya da dawowa nesa ba kusa ba.

DAGA INA ZA A TASHI?

Kano ba baƙuwar jirgi ba ce. Tun 1936 jiragen fasinja ke sauka a cikinta ta hanyar Hartum. Ethiopian Airlines da EgyptAir sun daɗe suna zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, ɗaya ya bi da ke ta Adis Ababa, ɗaya ta Alƙahira, daga can a rarraba ku zuwa Indiya, ko Turai, ko gabashin Afirka. Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022. Kamfanoni su kan sake ranakunsu da hanyoyinsu, don haka a tambayi na yanzu kafin a yi shiri. Abuja da Ikko sun fi Kano yawan jirage, shi ya sa tikitinsu kan fi sauƙi a ido. Amma a ido ne fa. Abuja ta fi kilomita 400 daga Kano, Ikko kuwa ta kusa 1,000.

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa, da kuɗin misali kurum. A ce na Kano naira 1,100,000 ne, da jaka biyu. Na Ikko kuwa 930,000, da jaka ɗaya. Uwa ta ga rarar 170,000, ranta ya yi fari. To, a sa kuɗin jirgin Kano zuwa Ikko, a ce 120,000. A sa kuɗin nauyin kaya a jirgin cikin gida, gama shi kilonsa kaɗan ne, a ce 30,000. A sa masauki da tasi da abinci, 40,000. A sa kuɗin jaka ta biyu a babban jirgi, 100,000. An kashe 290,000 don a tsira da 170,000. Ga gajiya, ga yarinya ita kaɗai a garin da ba ta san kowa ba. Araha ba ta ado. Wani lokaci lissafin kan juya, na Abuja ya fi sauƙi da gaske, musamman in akwai ɗan'uwa a can da zai sauke ta ya raka ta. Abin nufi dai a tara kome da kome tukuna a yanke shawara. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma su gwada na Yamai da na Kano, gama Kano ta fi kusa da su.

RAGIN 'YAN MAKARANTA

Da yawa ba su san da wannan ba. Manyan kamfanoni irin su Qatar Airways, da Turkish Airlines, da Emirates sun fito da tsari na musamman don ɗalibai. Na Qatar Airways, wanda aka fara a 2020, na masu shekara 18 zuwa 30 ne. Abin da a kan samu shi ne ragi na kamar kashi 10 cikin ɗari, da ƙarin kilo na kaya, wani lokaci da damar sake rana ba tara. Ragin a kan tsurar kuɗin tikiti ya ke, ban da haraji, saboda haka kada a zaci zai yi yawa. Ga ɗaliba mai tafiya da littattafai da kayan sanyi, ƙarin kilon ya kan fi ragin amfani. Sai yarinya ta yi rajista a shafin kamfanin tun da wuri, ta nuna takardar shiga makaranta ko katin ɗalibi, ta kuma riƙe takardar a hannu ranar tafiya, don a kan tambaya a wurin awo. Sharuɗɗan su kan sake, a karanta su sosai. In ta hannun ejan za a saya, a ce masa, "Malam, ɗaliba ce, a duba mata na ɗalibai." Matambayi ba ya ɓata.

YADA ZANGO

Jirgin da ke yada zango a wata ƙasa ya kan fi mai tafiya kai tsaye araha. Ba laifi a cikinsa, amma a kiyaye abu uku.

Na ɗaya, tafiyar duka ta zama a tikiti guda. In tikiti guda ne, jirgin farko ya yi latti har na biyu ya tashi, nauyin kamfani ne ya sa ki a na gaba ba ki biya kome ba, kayanki kuma su wuce da kansu. Amma wasu shafuffuka su kan haɗa tikiti biyu na kamfanoni dabam dabam, su nuna kuɗi kaɗan. A nan in na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, kuɗinki ya tafi. Kuma sai kin fita kin karɓi kayanki kin sake awo, wanda ba ya yiwuwa sai da bizar ƙasar.

Na biyu, bizar wucewa. Mai fasfon Nijeriya ko na Gana, in za ta sake jirgi a Faransa, ko Jamus, ko Holan, ana neman ta da bizar wucewa ko da ba za ta fita daga filin jirgi ba, sai fa in tana riƙe da wata bizar da ta ɗauke mata wannan, kamar ta Amurka ko ta Kanada. Bizar Ingila ba lalle ta wadatar ba. Ita ma Ingila tana da irin wannan doka ga masu wucewa ta Landan. Wadda ba ta da ita, tun a nan gida za a hana ta hawa, ba kuwa mai mayar mata da kuɗi. A tambayi kamfani da ofishin jakadanci kafin a biya.

Na uku, tsawon jira. Wadda ba ta taɓa fita ba kada ta yarda da zangon da bai kai awa 2 ba. Filayen Doha da Istambul gari guda ne, kafin ki gane ƙofarki an rufe. Awa 3 zuwa 5 ya fi kwanciyar rai, ta yi salla, ta ci abinci. In jiran ya yi tsawo, a tambaya ko akwai masauki. Ethiopian Airlines ya kan ba fasinjansa ɗaki a Adis Ababa in jiran ya kama daga awa 8 zuwa 24, bisa sharaɗinsa. A tabbatar da wannan tun wurin saye.

EJAN NA GARI DA NA BANZA

Ejan na gari abin nema ne, gama ya san hanyoyi, in matsala ta taso kuma akwai ƙofar da za a buga. Alamarsa ita ce yana da ofis da a ka san shi da shi, yana da rajistar kamfani, yana da lambar ƙungiyar IATA ko yana cikin ƙungiyar NANTA ta masu wannan sana'a a Nijeriya, kuma ba ya fushi in an ce ya nuna. Wanda ba a san shi ba sai a WhatsApp ko Facebook, yana tallan tikiti rabin kuɗi, yana cewa a turo yanzu yanzu kafin a rufe, a guje shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ga yadda a ke cutar mutane. Kama kujera dabam, fitar da tikiti dabam. Ejan na iya kama wa yarinya kujera bai biya kome ba, ya buga takarda mai kyau da sunanta da ranar tafiya, ya karɓi kuɗi. Bayan kwana ɗaya ko biyu, da ya ke ba a biya ba, kamfani ya soke. Ba wanda zai sani sai an je filin jirgi da 'yan rakiya cike da mota.

Maganin wannan a hannunki ya ke. Takardar gaskiya tana da lamba iri biyu. Akwai gajeriya mai haruffa da lambobi guda 6, ita ce ta kama kujera. Akwai doguwa mai lambobi 13, ita ce tikitin. Ukun farko na doguwar su ke nuna kamfani: 071 na Ethiopian Airlines ne, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar Airways, 235 na Turkish Airlines. In babu doguwar, ba a saya ba tukuna. Tun kuna zaune a ofishin, yarinya ta buɗe shafin kamfanin a wayarta, ta sa gajeriyar lambar da sunan mahaifinta yadda ya ke a fasfo, ta ga ko doguwar ta fito. Ta sake dubawa bayan kwana uku, ta kuma dubawa saura mako guda. A biya cikin asusun kamfani, kada a tura na wani mutum, a karɓi rasit. A sa lambar wayar yarinyar da imel ɗinta a cikin tikitin, don in an sake lokacin tashi ita za a gaya wa.

Sai suna. Mu Hausawa sunanmu guda a kan rubuta shi iri uku, wata Aisha, wata A'ishatu, wani Muhammad, wani Mohammed. Yadda ya ke a fasfo, harafi da harafi, haka za a sa a tikiti. Gyaran suna bayan an fitar ya kan ci kuɗi, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. Fasfon kuma ya zama da sauran aƙalla wata 6 a gaba. A yi allurar shawara da wuri, gama katinta ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, ko da ya ke tun 2016 allura guda ta isa har iyakar rai. Indiya ta kan tsare wanda ya zo ba katin har kwana 6.

KAYA

Yawancin jiragen da ke tashi daga nan su kan ba da jaka biyu, kowacce kilo 23, da jakar hannu ta kamar kilo 7, amma tikiti mai araha na iya zuwa da jaka guda. A auna a gida, ko a ari sikelin mai sayar da hatsi. Ƙarin kaya in an saya tun a shafin kamfani ya fi sauƙi bisa ga a wurin awo. Abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Batirin ajiyar caji kuwa a jakar hannu a ke sa shi. Takardun makaranta, da kuɗi, da magani, da kaya kala ɗaya su ma a hannu.

Iyaye, na san zuciya. Ana so a cika jaka da kilishi da dambun nama da man shanu. Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, za a ƙwace, har a kan ci tara. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji sun fi sauƙin wucewa. Saudiyya ba ta son goro. Masar da ƙasashen Larabawa suna da tsanani ƙwarai a kan ƙwayoyi irin su tiramadol, mai shan magani ta tafi da takardar likita.

Wannan kuwa ku ji da kyau. Kada yarinya ta karɓi saƙon kowa wanda ba ta buɗe ta gani ba, ko da na maƙwabciya ne. A wurin awo ta ƙidaya 'yan takardun da a ke liƙa mata na shaidar kaya, su yi daidai da yawan jakunkunanta, ta adana su. Ba mu manta ba, a Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba a Saudiyya saboda wata jaka mai ƙwayoyi da miyagu suka sa wa sunanta ba da saninta ba. Sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin gaskiya ta fito aka sake ta a 2019. Rigakafi ya fi magani.

RANAR TAFIYA DA HAKKIN FASINJA

Lokacin da ke jikin tikiti na awa 24 ne. In an rubuta 00:30 ranar Talata, to, daren Litinin ne za a je filin jirgi. Mutane da yawa sun rasa jirgi a kan wannan kaɗai. Kowane lokaci kuma na agogon garin da a ka ambata ne. Adis Ababa da Doha suna gabanmu da awa 2, Indiya da awa 4 da rabi. A isa saura awa 3. Wadda ta rasa jirgin farko ba ta sanar ba, kamfani ya kan soke sauran tafiyar duka, har da ta dawowa. In an ga ba za a isa ba, a buga waya kafin jirgi ya tashi.

In kuwa laifin daga kamfani ne, fasinja na da hakki. In an soke tashi, dokar NCAA ta ce a sake masa jirgi ko a mayar masa da kuɗinsa, wanda ya biya ta banki cikin kwana 14. Hukumar tana da jami'an sauraron koke a manyan filayen jirgi. In jaka ta ɓata ko ta fashe, a cika takardar ƙorafi kafin a bar filin. Yarjejeniyar Mantiriyal ta 1999, wadda Nijeriya ke ciki, ta ba da kwana 7 ga jakar da ta lalace, kwana 21 ga wadda ta makara, iyakar diyya kuwa tun Disamba 2024 ta kai kimanin dala 2,000. Mai tasowa daga Ingila zuwa gida, in jirgi ya makara fiye da awa 4 bisa laifin kamfani, tana iya neman fam 520. Duk wannan ba ya samuwa sai da shaida, saboda haka a adana katin shiga jirgi da rasit.

To, 'yan'uwa, kada uwa ta ce ita ba ta iya waya ba, ta bar kome ga yara. Ke kika san zafin kuɗin. Ki zaunar da ita ta karanta miki sharuɗɗan da Hausa, ki yi tambayoyin nan uku da bakinki, ki ce a nuna miki lambobin nan 13 ki ƙidaya da yatsanki. Ke kuma 'yata, kada ɗokin tafiya ya sa ki gaggawa, kada kuma kunya ta hana ki tambaya. Kuɗin da kika rage wa gida a tikiti, shi ne kuɗin littafinki da na abincinki na wata biyu a can.

Allah ya kai 'ya'yanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya sa albarka a cikin abin da za su koyo. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen kayan sanyi da irin guzurin da ya kamata a haɗa wa mai tafiya. Ku huta lafiya.